Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Fina-finan Barkwanci Na Kannywood

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga furodusoshi da daraktoci da marubuta da 'yan wasan barkwanci na Kannywood, tare da shugabannin MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar shirya fina-finai. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku sannu da aiki. Sana'ar sa mutum dariya a wannan zamani na tsadar masara da kuɗin mota ba ƙaramar sana'a ba ce, Allah ya saka muku da alheri.

Ni malamin makaranta ne a cikin birnin Kano. Na rubuto ne a madadin majalisarmu ta bakin teburin mai shayi, wadda ta haɗa teloli da direbobin adaidaita sahu da 'yan kasuwar Kwari da wani dattijo da ya yi siyasar tsohuwar jam'iyyar NEPU da ƙuruciyarsa. Na kuma haɗa da ra'ayin matan gidajenmu, waɗanda ba sa zama majalisa amma sun fi mu ƙona data wajen kallonku. Babu wanda ya naɗa ni wakili. Ni ne dai aka ce na fi iya riƙe alƙalami, sai aka ɗora mini.

Abin da ya jawo wasiƙar wani fim ne na camama, wato na barkwanci, da aka saka a YouTube kwanakin baya. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ba da mutum ɗaya nake ba, kuma irinsa sun fi a ƙirga. Labarin wasu abokai ne biyu matsiyata, ɗaya yana ganin kansa ɗan birni mai wayo, ɗayan kuwa dolo. Wani Alhaji ya tsayar da dolon takarar kansila, mai wayon ya zama daraktan kamfen. Daga nan sai abin da kuka saba: babbar riga ta maƙale a ƙofar mota, ɗan takara ya rufta kwata yana tsakiyar jawabi, an ɗauki akwatin zaɓe an ruga ana bin juna da gora, mari ya sauka a kuncin wanda bai ji ba bai gani ba. Tsakani da Allah mun sha dariya, har cikin wani ya ƙulle. Haɗin 'yan wasan biyu ya yi, kowa ya san lokacin da zai yi shiru ya bar wa ɗan uwansa fili, kuma wannan baiwa ce da ba kowa ke da ita ba.

Sai dai da aka kashe wayar, gardama ta kaure. Mai shayinmu cewa ya yi shi dariya ya zo yi kuma ya yi, wanda ke son lacca ya tafi Mambayya, gidan Malam Aminu Kano da ake taruka. Direbobin adaidaita suka goyi bayansa: mutum ya wuni yana fama da rana da jami'an hanya, da dare kuma a ce sai ya yi nazari? Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, kuma na san shi ne hujjarku a kullum. Amma dattijon nan na NEPU ya yi tambaya guda da ta sa kowa ya yi tsit. Ya ce tun daga farkon fim ɗin har ƙarshensa, a nuna masa wuri ɗaya da aka yi wa Alhajin dariya. Muka duba, babu. Da na kai maganar gida, uwargidana ta ƙara da nata: ita abin da ya ɓata mata rai shi ne yadda aka nuna mata suna kokawa a ƙasa kan ƙullin taliya, zani yana kwancewa, kyamara tana bin su.

Ƙorafinmu na farko ke nan, kuma shi ne babba. A fina-finanku na siyasa, talaka mai jefa ƙuri'a shi ne abin dariya. Baƙauye ne ke dangwala yatsa a goshinsa maimakon takarda. Tsohuwa ce ke sayar da ƙuri'arta kan sabulu biyu tana guɗa. Matashi ne ke canja hula sau uku a wuni saboda naira ɗari biyar. Shi kuwa uban gidan da ya kawo kuɗin, ya sayi daliget, ya yi hayar 'yan daba, yana zaune a falo cikin shadda mai maiƙo, ba ya tuntuɓe, ba ya faɗuwa, hularsa ma ba ta karkacewa. Sau da yawa ma shi kuke ba wa jawabin ƙarshe, ya juyo yana yi wa jama'a nasiha a kan su daina kwaɗayi. Ba mu ce sayar da ƙuri'a ba ya faruwa ba. Yana faruwa, mun gani da idonmu a rumfunan zaɓe, kuma dokar zaɓe ta 2022 ta ɗora laifi a kan mai saye da mai sayarwa duka. To me ya sa ku mai sayarwa kaɗai kuke kamawa? Matar da ta karɓi taliya yunwa ce ta kai ta layi, shi wanda ya raba taliyar kuwa lissafi ya yi, kuma lissafin nan nasa shi ne wurin da dariyar gaske take, ku kuka ƙi leƙawa.

Illar wannan ina ganinta a aji. Lokacin zaɓen shugabannin ɗalibai a makarantarmu, wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya zo da alewa yana rabawa, abokinsa na biye da shi yana kwaikwayon muryar ɗaya daga cikinku. Yaran suka yi ta dariya, suka kuma zaɓe shi. Da na tambayi wata yarinya dalili, cewa ta yi ai haka ake siyasa. Ba ku kaɗai kuka koya mata ba, ta ga manya suna yi. Amma ku ne kuka mayar mata da abin wasa mai daɗi wanda ba a jin kunyarsa.

Na biyu, batun 'yan jagaliya. Kun mayar da ɗan jagaliya ɗan wasan da ake jira ya fito: ido ja, murya a shaƙe, yana tangaɗi, yana zaro wuƙa sai ta faɗi ya taka ta. A Kano wannan ba abin wasa ba ne. Waɗanda suka ga zaɓen cike giɓi na gwamna ranar 23 ga Maris 2019, musamman a mazaɓar Gama, ba su manta abin da makamai suka yi a bakin rumfuna ba. Mutanen Gombe sun san 'yan kalare, na Bauchi sun san sara-suka. Ƙwayar da kuke sa ɗan wasa ya afa don a yi dariya ita ce ta cika gidajen gyaran hali da 'ya'yan mutane, har ta kai gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Idan za ku nuna ɗan jagaliya, ku nuna shi har washegarin zaɓe, ranar da zai je ƙofar gidan mai gidansa maigadi ya ce masa Oga ya tafi Abuja. A nan ma akwai dariya, kuma irin wadda ke sa yaro ya yi tunani kafin ya karɓi gora.

Na uku, babu labari. Ku gafarce ni, amma mai kallo yana gane fim ɗin da aka rubuta da wanda aka je lokeshan aka ce wa 'yan wasa kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu aka koma YouTube, sai tsawon fim ya zama shi ne riba. Abin da zai ƙare a minti arba'in sai a ja shi kashi goma sha. A yi gudu a layi ɗaya sau uku, a maimaita mari da sautin ganga, a cusa waƙa inda ba ta da gurbi. Datar nan da kuɗi muke sayenta, kuma ta ƙara tsada.

Abin da ya fi ba mu takaici a nan shi ne siyasar ƙasar nan ta riga ta rubuta muku labaran kyauta, kun bar su a ƙasa. A 2018 wata ma'aikaciyar hukumar JAMB a Makurɗi ta ce maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36 na ofis. A watan Afrilun 2018 ɗin wasu suka kutsa zauren majalisar dattawa ana tsakiyar zama, suka sungumi sandar majalisa suka fice da ita, daga baya aka tsince ta a ƙarƙashin wata gada a Abuja. A Nuwamban 2014 duniya ta kalli 'yan majalisar wakilai, da manyan rigunansu, suna haura ƙofar majalisa saboda 'yan sanda sun kulle ta. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mai miliyoyi a banki ya rasa ɗari biyun da zai hau adaidaita, mai POS ya zama sarki a unguwa. Wane marubucin camama ne zai iya ƙirƙiro abin da ya fi waɗannan? Ku ɗauki abokan nan naku biyu ku sa su gadin ofishin da maciji ke cin kuɗi. Ku sa dolon ya ci kansila da gaske, ya shiga sakatariya da zumuɗi, ya tarar ko kuɗin alli ba ya iya fitarwa sai an bugo waya daga babban birnin jiha. Rigimar asusun haɗin gwiwa tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi, wadda ta kai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kanta a watan Yulin 2024, mutanen karkara da yawa ba su fahimce ta ba, alhali ita ce dalilin da rijiyar burtsatsen garinsu ta shekara ba gyara. Fim ɗaya mai ban dariya zai fahimtar da su abin da shirin rediyo goma bai yi ba. Ga sauya sheƙa, inda mutum zai zagi jam'iyya da safe ya kwana yana rantsuwa da ita. Ga rantsar da mataimaka na musamman ɗari-ɗari da ba su da ko kujerar zama. Ga ƙaddamar da aikin da aka riga aka ƙaddamar sau biyu. Duk kun tsallake, kun koma kan tsohuwa da sabulu.

Na huɗu, kuma a nan sai ku yi haƙuri da ni. Mun san da yawa daga cikinku kuna da iyayen gida a siyasa. Muna ganinku a kan dandamalin kamfen, muna ganin waɗanda aka ba muƙamai bayan zaɓe. Wannan 'yancinku ne, ku ma 'yan ƙasa ne, kuma kowa yana da iyalin da zai ciyar. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sayar mana da tallar ɗan takara da sunan barkwanci. Mai kallo ba yaro ba ne. Idan mugun cikin fim kullum launin hularsa iri ɗaya ne, mutumin kirkin kuma kullum yana ɗaga yatsu irin na wata jam'iyya, mun gane. Sakamakon shi ne rabin majalisarmu ba sa kallon wasu daga cikinku, ɗaya rabin ba sa kallon sauran, alhali da can duk tare muke zama mu yi dariya.

Akwai kuma tsohuwar al'adar nan ta mayar da mai in'ina da kurma da gurgu da wada abin tsokana, da kwaikwayon Hausar wasu ƙabilu ta hanyar wulaƙanci. Wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, kowa yana da bakin ramawa, shi ya sa yake da daɗi. Makahon da aka sa wa ƙafa ya faɗi a fim ba shi da wannan dama. Ba sai na tsawaita ba.

Na san amsar da za ku ba ni, domin wani daga cikinmu da ƙaninsa ke riƙe fitila a lokeshan ya riga ya ba ni ita: Malam, kai kana aji, mu ne za a kama. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan raina tsoronku ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata biyu, mutumin da shi kansa tsohon gandiroba ne, kuma mutane da yawa a lokacin sun ɗauka shaguɓen siyasa ne ainihin laifinsa ba rawar cikin fim da aka tuhume shi da ita ba. A ƙarshen 2019 hukumar ta ba da umarnin dakatar da wasu shirye-shirye biyu na tashar Arewa24, ɗaya na siyasa ɗaya na barkwanci. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin. A watan Mayun 2025 kuma aka dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a lokaci ɗaya kan batun kai su tacewa. Wanda ya zuba jarinsa a fim dole ya yi lissafin waɗannan.

Amma tsoro bai isa ya zama dalilin juya dariyar kan marar ƙarfi ba. Ƙasar Hausa ba baƙuwar yi wa masu mulki shaguɓe ba ce. A wasan gauta, matan fada ne ke shiga irin ta sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da halayensu, masu sarautar suna kallo suna gane kansu. A kalankuwa samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu bayan kaka, su yi shari'ar wasa da kowa ya san inda ta dosa. Wawan sarki yana faɗin abin da waziri ba zai iya ba. 'Yan kama sun kwaikwayi karatun malamai da zancen tuwo da miya, malaman suka yi dariya suka ba su sadaka. Ga tashe nan duk azumi. Malam Aminu Kano tun yana malamin makaranta yake rubuta wasannin kwaikwayo yana sukar zaluncin masu riƙe da mulkin gargajiya, a zamanin da yin haka ke iya kai mutum gidan yari. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, tsohon soja ne da ya yi shekaru yana wasa da rayuwar bariki a talabijin ɗin gwamnati a Kaduna, har a zamanin da sojoji ke mulki. Babu ɗayansu da ya kama sunan wani ya zaga. Hali suka kama, mai halin ya ji a jikinsa, kuma bai da bakin kai ƙara domin yin haka amsa laifi ne. Wannan ita ce gwanintar da muke nema a wurinku. Ku ƙirƙiri gari da babu shi a taswira, da jam'iyya mai alamar buta ko tsintsiyar kwakwa da babu ita a rajistar INEC, ku saki abokan nan biyu a ciki.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka ga abin da muke roƙo kafin kakar zaɓen 2027 ta yi zafi, lokacin da muka san irin waɗannan fina-finai za su yi ta fitowa.

Ku biya marubuci kuɗin kirki, ku ba shi lokaci, kuma ku sa sunansa inda za a gani. Akwai marubutan Hausa matasa, maza da mata, da ke rubuta labarai masu kaifi a intanet ba tare da samun ko sisi ba. Kafin a kunna kyamara, wani ya zauna ya karanta labarin ya yi tambayar dattijonmu: a kan wa za a yi dariya? In amsar ta zama talaka kaɗai daga farko har ƙarshe, a sake zama. Alhajin ma ya rufta kwatar ko sau ɗaya.

Duk fim ɗin da ɗan siyasa ko jam'iyya ta ɗauki nauyinsa, a rubuta haka a farkonsa, kamar yadda gidajen rediyo ke sanarwa kafin shirin da aka saya. Wanda ya ga dama ya kalla da saninsa. Muna roƙon MOPPAN ta mayar da wannan ƙa'ida ga 'ya'yanta, kada ta jira sai hukuma ta tilasta.

Ga shugabannin ƙungiya kuma: ku zauna da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ku nemi a fitar da ƙa'ida a rubuce kan barkwancin siyasa, wadda za ta bambance ɓata sunan mutum da sukar hali. Hukumar tun 2001 take, kuma a 2023 ɗan cikinku ne Abba El-Mustapha aka naɗa ya shugabance ta, wanda ya san zafin lokeshan. In ba a samu wannan rubutacciyar ƙa'ida a hannun wanda ya fito daga masana'antar ba, da wuya a same ta a hannun wani. Muddin furodusa bai san iyakar ba sai ranar da aka kama shi, kullum zai zaɓi tsohuwa da sabulu, domin ita ba ta da lauya. Ku kuma tanadi lauyoyin da za su tsaya wa duk ɗan wasan da aka gurfanar saboda shaguɓe, ko da ɗan TikTok ne da bai da katin ƙungiya.

Ku rage tsawon da ba shi da amfani. Kashi huɗu masu daɗi sun fi mana goma sha biyu da rabinsu gudu ne a lungu.

Matan gidajenmu sun ce in isar da nasu daban: suna son ganin abokai biyu mata su ma, masu wayo da wauta irin nasu, suna takara ko suna riƙe da akwatin mazaɓa, maimakon kullum a ajiye su a layin karɓar atamfa. Masana'antar tana da mata masu ban dariya da za su iya ɗaukar fim su kaɗai, kun san su fiye da mu.

Daga ƙarshe, ku riƙa sauraron masu kallo da kunnenku, ba ta bakin yaranku masu cewa komai ya yi ba. Kafin ku saki fim, ku haska shi ga mutum ashirin da ba su san ku ba, a samu mai shayi da matar aure da ɗalibi da dattijo a ciki, ku zauna a baya ku ga inda suka yi dariya da inda suka ɗauko waya. Majalisarmu a shirye take in kuna neman waɗanda za ku fara da su, mai shayin ma ya ce shayin ranar a kansa.

Allah ya ƙara basira, ya tsare ku daga sharrin masu sharri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikinku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta, a madadin majalisar masu kallo, Kano.